Zakara mai yatsu tara: Padoue ne, Houdan ne, ko haɗi?

Maman Rabi (Talaje): Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Ga hotuna nan na turo, don Allah masu ido su duba mini. Kaji biyu ne, mace da zakara, maigida ya sayo wa yara wajen wani mai sayar da kajin ado. Ya ce masa duka biyun irin da ake kira Padoue ne tsantsa, ba haɗi. Macen ruwan ƙasa ce mai haske, kowane gashi da farin zare a bakinsa, tukkunta ya cika kai ya rufe ido, baki kaɗai ke leƙowa, ga gemu cunkus a ƙasa. Zakaran baƙi ne da ɗigon fari, shi ma da tukku da gemu, amma nasa bai kai nata cika ba. Maƙwabcinmu ya shigo ya gani ya ce ai wannan Sultan ne, mun yi sa'a. Ni dai ban san Sultan ba, ban san Padoue ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ɗazu Rabi tana wasa da shi ta ƙirga yatsunsa: ƙafar hagu biyar, ta dama huɗu. Ciwo ne ko haka irinsu yake?

Ɗan Bukoki: Wa alaikumus salam. Maman Rabi, wannan baiwar Allah tana ganin hanya kuwa? Na buɗe hoton har ƙarshe ina neman ido ban samu ba.

Sani Kajin Ado (Wadata): Hajiya barka da arziki. Macen nan Padoue ce, launin da ake kira chamois, ba tantama. Dubi ƙafarta: ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, ba gashi ko ɗaya, yatsu huɗu. Shi kuma zakaran, a ba maƙwabci haƙuri, ba Sultan ba ne. Sultan da aka fi sani fari ne fat, gashi tun daga cinya har kan yatsu, ga wasu dogayen gasu masu tauri da ke fitowa daga gwiwa su nufi ƙasa, kuma yatsunsa biyar-biyar a kowace ƙafa. Naku ƙafarsa fayau take. Ni Houdan na gani, wani irin kajin Faransa. Baƙi da ɗigon fari, tukku, gemu, yatsa na biyar, duk alamun Houdan ke nan. Kuma in Houdan ne ba ku yi asara ba, ya fi Padoue wuyar samu a garin nan.

Likita (Lazare): Maman Rabi, ki kwantar da hankalinki, ƙarin yatsa ba ciwo ba ne, gado ne, ba ya hana shi tafiya ko tono. Amma kafin a raɗa masa suna ina son ƙarin hoto. Ki sa a riƙe miki kowannensu, ki ɗaga tukkun baya da yatsa ki ɗauko mana goshi: muna son ganin zanko, wato jan naman nan na kai, da ƙofofin hanci. Ki buɗa gemun mu ga ko akwai leɓa a ƙarƙashi. Ki ɗaga fiffike ki dubi launin fata. Sannan ki shafa tsakar kan a hankali, kada ki danna, ki gaya mana ko kin ji tudu a ƙarƙashin gashin.

Maman Rabi (Talaje): To Likita, ga su nan, da ƙyar muka kama zakaran. Macen zankonta kusan babu, wani ɗan jan abu ne ƙarami a ɓoye cikin gashi. Hancinta a buɗe yake sosai, ƙofofin sun ɗago sama da bakin, har na ɗauka kumburi ne. Leɓa ban gani ba sam. Tudu kuwa akwai, zagayayye, na ji shi ƙarƙashin yatsana. Zakaran zankonsa daga gaba guda ɗaya ne a tsaye irin na zakarun gida, sai can baya ya rabu biyu. Yana da ƴar leɓa ja tana leƙowa ta cikin gemun. Kansa ban ji wani tudun kirki ba. Fatarsu duka fara ce.

Likita (Lazare): Madalla, hoton ya fito. Macen duk abin da ake nema a Padoue tana da shi: babban tukku zagayayye, tudun ƙoƙon kai, hanci mai faɗi a ɗage, zanko da leɓa sun kusa ɓacewa, gemu da saje sun rufe kunne. Hancin ba kumburi ba ne, haka suke. Zakaran kuwa haɗi ne. Zai yiwu akwai jinin Houdan a jikinsa, ban musa ba, amma ɗaya daga cikin iyayensa mai zanko ɗaya ne, kuma mai yatsu huɗu. Alamu uku sun haɗu: zankon da ya fara guda ya ƙare biyu, tukkun da bai cika ba kuma babu tudu, da yatsa na biyar a ƙafa ɗaya kawai.

Sani Kajin Ado (Wadata): Likita da girmanka, a nan ban bi ka ba. Houdan ai zankonsa dama biyu ne. Kuma wannan zakaran matashi ne, dubi ƙayar ƙafarsa ko fitowa ba ta gama ba. Tukkun zakara ba ya cika sai ya shekara. A bar shi ya girma a gani.

Mushe Iliya (Harobanda): Malam Sani, biyu suna suka tara. Zankon Houdan yadda Faransawa suka tsara shi ganye biyu ne shimfiɗaɗɗu, ɗaya dama ɗaya hagu, tun daga gindinsa a rabe, da ɗan ƙullutu a tsakiya. Na Crèvecoeur, wancan baƙin na yankin Normandi, ƙahoni biyu ne tsirara. Na Sultan ma ƙahoni ne. Babu ɗaya a cikinsu da ke farawa a tsaye guda ɗaya daga gaba. Wannan siffar ta kan zakaran Maman Rabi ita ce ke fitowa in aka haɗa mai zanko biyu da mai zanko ɗaya. Batun shekaru kuma, gashi yana ƙara tsawo, gaskiya ne, amma ƙashin kai ba ya tsirowa daga baya. Ɗan tsakon Padoue ranar da ya fasa ƙwai za ka ga ƙullutun a kansa.

Shi wannan tudun abin dubawa ne. Ƙoƙon kan ne ya kumburo sama, gaban ƙwaƙwalwar ya shiga cikinsa, ƙashin wurin siriri ne, a wasu kajin ma akwai ƴan ramuka da ba su rufe ba, fata ce kawai a kai. Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya yi bayaninsa tun 1868 har da zanen ƙoƙon. Shi ya sa Likita ya ce kada a danna. Saran baki ɗaya mai ƙarfi a wurin daga wata kaza yana iya sa ta juya wuya ko ta mutu.

Hajiya ta Yantala: To ashe an cuci bawan Allah ke nan. An sayar masa da ɗan haɗi a kuɗin tsantsa. Maman Rabi, ƙanwata, maigidanki ya koma da zakaran nan gobe da safe.

Sani Kajin Ado (Wadata): Hajiya a yi mana adalci. Ba ni na sayar ba, ban ma san wanda ya sayar ba, amma sana'armu ɗaya. Wa ke ba mu takardar asali? Ƙwai ne ko ƴan tsaki ake kawo mana daga Najeriya ta Ƙonni ko ta Maraɗi, wanda ya ba ka ya ce Padoue, kai ma ka ce Padoue. A wata biyu duk mai tukku kama suke yi. Kuma galibin masu saye ba asali suke tambaya ba, tukku suke so yara su gani su yi murna.

Hajiya ta Yantala: In ba ka sani ba sai ka ce ba ka sani ba, ka rage kuɗi. Kalmar "tsantsa" ai ba ita ta faɗo daga bakinsa da kanta ba. Kuma mai sana'ar kaji da bai ƙirga yatsun hajarsa ba, yarinya ƙarama ta ƙirga, me ya rage?

Ɗan Bukoki: A ba Rabi shago kawai.

Ɗan Ader (Tawa): Salamu alaikum mutanen Yamai. Ni dai ina ta karatu ina mamaki. Kaza mai tukku ita ce anka maida abin kallo? Tun muna ɗiya ƙanana akwai su garinmu. Kakarmu tana da wata ja mai tukku, ba wanda yac ce mata Padoue, ba wanda yak kawo ta cikin jirgi. Ku zo kasuwar Badagishiri, ko ta Tawa da ka ci ranar Lahadi, in kun duba da kyau cikin kajin ƙauye za ku ishe mai tukku, ku ishe mai tsiraicin wuya, ku ishe durgu, ku ishe mai gashi a birkice. Kuɗin wagga kaza guda taku shina sayen garke.

Mushe Iliya (Harobanda): Ɗan Ader ka taɓo inda ya kamata. Tukku ba iri ba ne, hali ɗaya ne da ake gada, kuma yana cikin kajinmu na gida kamar yadda yake cikin na wasu ƙasashe. Bambancin kawai, Turawa sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna haɗa mai tukku da mai tukku, suna zaɓen wanda ya fi girma, har ya zama abin da kuke gani. Zane-zanen Holan na shekarun 1600 akwai irin kajin nan a ciki. Mu kuma an bar su suna cuɗanya yadda suka ga dama, shi ya sa namu ɗan tsiro ne a ƙeya.

Ga yadda gadon yake tafiya, don wannan shi zai hana a ƙara yi wa wani irin wannan cinikin. Kowane ɗan tsako yana karɓar rabo biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Rabon tukku mai rinjaye ne, amma ba rinjaye cikakke ba. In ɗan tsako ya samu biyu, tukku ya cika. In ɗaya ya samu, tukku zai fito amma ƙarami. Saboda haka ka ɗauki zakaran Padoue na gaske ka sake shi cikin kajin gida, duk ɗiyan za su fito da tukku. Mai sayarwa ya kwashe su ya ce ga Padoue. Amma ka haɗa waɗannan ɗiyan da junansu, a lissafi cikin kowane huɗu ɗaya zai fito da kai fayau, biyu da ƙaramin tukku, ɗaya da babba. Gemu ma haka yake, amma hanyarsa daban, ba a ɗaure yake da tukku ba. Masana a ƙasar Sin sun gano tushensa a 2016, a jikin wata kazarsu mai gemu. Shi ya sa ake samun mai gemu ba tukku, kamar Faverolles, da mai babban tukku ba gemu, kamar Hollandaise, wadda jikinta baƙi ne tukkun fari, leɓarta ja tana reto a fili. Yatsa na biyar shi ma rinjaye gare shi, sai dai ba shi da tabbas: a ɗan haɗi yakan fito ƙafa biyu, yakan fito ƙafa ɗaya, kuma in ɗaya ce an fi ganinsa a hagu.

Maman Rabi (Talaje): Mushe Allah ya ƙara ilimi. Ke nan in suka yi ɗiya ba za su fito irin uwar ba?

Mushe Iliya (Harobanda): Tukku dai kowa zai samu, tunda uwar ga alama rabonta biyu ne. Wajen rabi su yi babba, rabi ƙarami. Amma wannan launin nata mai farin zare a bakin gashi, kada ki sa rai. Launi ne mai wuyar riƙewa in an haɗa shi da wani launi.

Ɗan Ader (Tawa): To ni tambayata guda, kuma ba da raini ba. Mi amfaninta? Watan Afrilu da Mayu nan Tawa ko can Yamai zahi shina wuce 40. Kazar gida kanta tana laɓewa ƙarƙashin rumbu tana haki. Wagga mai hula da gemu yaya za ta ƙare? In shaho ya sauko ba ta gani nai. Muzuru ya zo ba ta gani nai. Ba ta kwanci. Dut abin da munka san kaza da shi, ita babu.

Sani Kajin Ado (Wadata): Ɗan Ader, kai tantabarar ado da ake saye a garinku naman me take da shi? Dokin da ake yi wa kwalliya ranar salla noma yake yi? Ba komai ake kiwo don tukunya ba. Kuma ba a ce ba ta ƙwai ba. Padoue in ta samu abinci tana yin 120 zuwa 150 a shekara, farare tas. Kazar gida nawa take yi? 40 zuwa 60, saboda rabin shekararta a kwanci da renon ɗiya take ƙarewa.

Ɗan Ader (Tawa): Wancan lissahin na ƙasar sanyi ne, Malam Sani. Ka kawo muna na Wadata.

Likita (Lazare): Batun zafi Ɗan Ader yana da gaskiya, kuma ina so a fahimci dalilin, ba wai gashin ya yi yawa kawai ba. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne. Hanyoyin da take fitar da zafi su ne haki, da buɗa fukafukai, da sassan da ba gashi: zanko, leɓa, fuska, ƙafa. Jini yana kwararowa cikin zanko da leɓa ya huce ya koma. Shi ya sa kajin ƙasashen Bahar Rum irin su Leghorn suke da zanko faifai guda. To ita mai tukku da gemu, tukku ya danne zanko, gemu ya danne leɓa, saje ya rufe kumatu. An toshe mata tagogin kai duka, haki da fukafukai da ƙafa kawai suka rage. Mai tsiraicin wuya da Ɗan Ader ya ambata kishiyarta ce, gashin jikinta ya ragu da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, shi ya sa take jure bazara.

Amma in yi wa Padoue adalci, jikinta ƙarami ne, macen kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, zakaran biyu zuwa biyu da rabi, kuma ƙafarta ba gashi. A bazara ta fi Brahma, manyan kajin nan masu gashi har ƙafa, sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba, kuma ga Brahma nan cike da gidajen Yamai. Wadda nake ji wa tsoro ita ce Sultan, mai gashi sama da ƙasa. Dama kazar lambun sarakunan Turkiyya ce, daga Istanbul aka kai ta Ingila a 1854, ba a taɓa yin ta don ta nemi abincinta da kanta ba.

Hajiya ta Yantala: Ni da nake da su bari in faɗi abin da na gani da idona, ba karatu ba. Zafi ana iya masa dabara: akurki ƙarƙashin bedi, rufin zana ba kwano ba, a yayyafa ruwa a ƙasa da azahar, ruwan sha daga randa. Abin da ya fi ba ni wahala ruwan sha ne da ƙwari. In kika sa musu ruwa a faffaɗan kasko, tana sunkuyawa gemu da gaban tukku su jiƙe, ta je ta tsattsagi dussa, ta yi tono, abin ya bushe ya zama dunƙulen laka yana rataye a gaban ido. Daga nan sai ciwon ido. Sai na koma abin shan ruwa na roba mai ƙaramin baki, na ɗora shi kan bulo daidai ƙirjinta. Dussa kuma na daina jiƙa musu.

Ƙwari kuwa, cikin tukkun nan gidansu ne. Ranar da na fara buɗa na wata farar da nake da ita, gindin gashin duk ƙwan ƙwarƙwata ne fari-fari a manne, kewayen idon kuma ƙuma ce baƙa ta kafe kai cikin fata ta yi jere. Daga waje ba ki ganin komai, kaza tsaf da ita, sai dai tana yawan girgiza kai. Yanzu duk Juma'a sai na bi su ɗaya-ɗaya.

Ɗan Bukoki: Hajiya a shafa kananzir ko baƙin man mota, mu haka muka ga ana yi.

Likita (Lazare): A'a, don Allah kada a yi. Kusa da ido ne, yana ƙona fata, kuma gashin yana riƙe shi. Ita ƙumar da ta kafe, a shafa mata bazilin ko man kaɗanya da kauri, zai toshe mata numfashi ta mutu. Ɗiyanta a ƙasan akurki suke girma, sai an share an ƙona sharar. A ajiye musu toka da rairayi busasshe su yi birgima. In ƙwarƙwata ta yi yawa a sayi hodar kaji wajen masu maganin dabbobi, a rufe idon da yatsa lokacin barbaɗawa.

Sannan Maman Rabi, ki samu ƙaramin almakashi ki rage gashin da ya sauko kan idon macen nan, gefe da gefe, har sai kin ga idonta in kin dube ta daga gaba. Mutum biyu, ɗaya ya riƙe. Gashin da ya gama girma ba ya ciwo. Wanda yake sabon tsiro, mai kauri da duhu a gindi, akwai jini a ciki, a bar shi. In jini ya fito sauran kaji za su bi wurin da sara.

Sani Kajin Ado (Wadata): Haba Likita, a aske tukkun? To me aka saya? Ni ƙyalle nake sa musu ko roba mai laushi in tattara gashin sama.

Likita (Lazare): Ban ce a aske ba, na ce a buɗe mata ido. Ɗaurin ma yana yi in bai matse ba, amma a tuna abin da ke ƙarƙashin wurin. Kazar da ba ta gani ita ce za ka ga tana firgita in an taɓa ta, tana kasa samun abinci cikin ƴan'uwanta, tana tsayawa wuri ɗaya a rana alhali inuwa na kusa. Mutane sai su ce irin ne ba su da wayo. A rage gashin a ga yadda take canzawa cikin yini ɗaya.

Hajiya ta Yantala: Wannan gaskiya ne. Kuma a riƙa yi musu magana kafin a kai hannu. Ni tun daga ƙofa nake kiransu.

Amarya (Banifandu): Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ma ina da mai tukku da gemu, fara, amma gashinta ba irin na kaji ba ne, laushi gare shi kamar auduga. Ɗaya ta mutu muka fige, fata baƙa, nama baƙi, har ƙashi. Uwar mijina ta ce a fitar da sauran daga gidan. Padoue ce ita ma?

Sani Kajin Ado (Wadata): Amarya wannan Soie ce, kazar siliki, asalinta ƙasar Sin. Ki duba za ki ga yatsu biyar kowace ƙafa, gashi a ƙafa, kunne shuɗi, zanko dunƙulalle mai duhu. Baƙin nan halittarta ce, ba cuta ba, ba kuma wani abu ba. Can ƙasarsu miya ake yi da ita ta masu jinya, da tsada. Ki roƙi Inna ta bar su. Ba ta tashi sama don gashin ba ya kama iska, kuma in ruwan sama ya dake ta har fata yake kaiwa, sai a kula da damina. Amma wajen kwanci ba ta da na biyu, ko ƙwan zabo kika sa mata za ta zauna.

Ɗan Ader (Tawa): To wagga ta hi. Aƙalla tana da sana'a.

Likita (Lazare): Amarya, wadda ta mutu da kanta ba a figewa, a binne ta da zurfi. Me ya kashe ta? In kin ga zawo kore, ko wuya na murɗewa, ko wata ta sake yin sanyi, ki ware ta yau. Wannan ya shafi kowa a nan: duk kazar da aka sayo, musamman wadda ta tsallako iyaka, a ajiye ta ita kaɗai mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin na gida. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006 da ta ɓulla a Magariya sun san abin da nake nufi. Kuma kafin hunturu a yi rigakafin cutar Niyukasul, tsadar kaza ba ta kare ta daga wannan.

Amarya (Banifandu): Likita ba ciwo ba ne, cikin bahon wanki ta faɗa. Amma na ji, ba za a sake ba.

Maman Rabi (Talaje): Maigida ya dawo na karanta masa duka. Ya ce zai yi wa mai kajin magana kan kuɗin, amma zakaran ba inda za shi, yara sun riga sun saba da shi. Mun rage wa macen gashi yanzun nan, ashe idonta ja-ja ne mai kyau. Saura tambaya ɗaya: in ta fara ƙwai, tunda kun ce ba ta kwanci, yaya zan yi? Injin ƙyanƙyasa da wannan ɗauke wutar ba zan iya ba.

Hajiya ta Yantala: Ki nemi kazar gida wadda ta taɓa ƙyanƙyasa, ba sagara ba. In ta fara kwanci ki bari ta kwana biyu a kan nata, da dare ki zare ki sa na Padoue, takwas zuwa goma ya isa gwargwadon jikinta. Ƙwan kada ya wuce mako da yi, a ajiye shi wuri mai sanyi kusa da randa, tsinin a ƙasa. Kwana 21 ne. Amma kada ki yi a bazara, ƙwan lalacewa yake tun kafin a sa shi. Ki bari ruwa ya sauka.

Sani Kajin Ado (Wadata): Kuma in kina son ɗiya irin uwar, ki raba ta da wannan zakaran aƙalla mako uku kafin ki kai ta wajen zakaran chamois, don abin da ya bari a jikinta yana daɗewa. Akwai masu shi a garin nan, zan tambaya miki.

Mushe Iliya (Harobanda): Wanda za a kai ta wurinsa a fara turo hoton goshinsa da ƙafafunsa nan tukuna.

Ɗan Ader (Tawa): Uwar kwanci kuwa kada ki saya Yamai. Ƙanena shina tahowa da mota ranar Alhamis, in ba shi guda biyu cikin kwando, ja da wake-wake, dut sun taɓa hidda ɗiya. Ki sa wani ya tarbe shi tasha, kuma a ba su ruwa da sun sauka.